Wake a Tukunya, Harawa a Turke: Ƙaunata ga SAMPEA 11

Bari in faɗa tun daga farko, kada wani ya zo daga baya ya ce na yi masa rufa-rufa: a kan maganar SAMPEA 11 ni ɗan ɓangare ne, kuma ba na jin kunyar hakan. Wannan farin wake da masana suka yi wa lamba IT89KD-288, ni kuma nake kiransa 288 kawai saboda sabo, wake ne mai manyan ƙwayoyi, mai kaushin fata, mai yaɗo da cika fili, mai yalwar ganye kore shar, mai haƙuri a ƙarƙashin inuwar gero, mai saurin fahimtar lokaci, wanda idan ka gama tsince kwansonsa ka ɗauka ya gama yi maka hidima sai ka waiwaya ka ga ashe rabin dukiyar tana nan kwance a kan kunya tana jiran ka naɗe. Kai, Allah ya yi halitta a nan!

Ku da muke wannan harka tare a Talata Mafara da Bakura da Maradun kun san yadda ake auna gonar wake a ƙasarmu. Sau biyu ake aunata. Awon farko na buhu ne, na biyu kuma na dami, kuma akwai shekarar da damin ke rufa wa buhun asiri. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Mafara ranar Talata, can gefen da ake cinikin dabbobi, a watan Afrilu lokacin da rana ta ƙone komai, makiyaya sun gama kalen karmami, jaka ɗaya ta dusa ta zama abin ciniki da rantsuwa, ya ga yadda mai turkar rago ke ɗaga damin harawa. Ba ya gaggawa. Zai jinjina shi ya ji nauyi, ya cusa yatsu cikin naɗin ya buɗa tsakiya don ya ga ko an lulluɓe baƙa da kore, ya shinshina ko akwai warin ruma, sannan ya girgiza shi kaɗan ya duba ƙasa. Idan ganye ya zubo ya bar igiyoyi tsirara, sai ya ajiye ya yi gaba ko sallama babu. Ganyen ake saye. Shi rago ma ya san haka: zuba masa harawa ka tsaya ka kalla, da leɓe yake tsintar ganye ɗaya bayan ɗaya, sai ya ƙare su kaf sannan ya koma kan kara yana taunawa da ƙyar.

To a nan 288 yake burge ni har in rasa bakin magana. Idan ka yanke shi a kan kari, wato ka tsince wake amma ganye bai fara rawaya ya kakkaɓe ba, ka bar shi ya sha iska, ka fito da sanyin safiya raɓa na jikinsa ka naɗe shi kafin rana ta sa ya yi ƙaras-ƙaras, ka ɗora a kan rumfa ko a cokalin bishiya inda tumaki da gara ba za su kai gare shi ba, za ka sauke shi a tsakiyar bazara da ƙamshinsa, da launinsa, da ganyensa a manne. Masana abincin dabbobi suna cewa furotin ɗin da ke cikin harawar wake ya ninka na karan dawa sau biyu ko uku. Mu dai a ƙugun rago muke karanta sakamakon.

Don a san girman abin da aka yi, sai an tuna inda aka fito. Iyayenmu suna da wakensu, kuma ba na yarda a raina shi a gabana. Kanannado, alal misali, sarki ne a fagen harawa: yaɗo kamar ba zai tsaya ba, ƙwaya fara ƙal mai girma. Sai dai ba ya fure sai damina ta juya baya, saboda haka shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri ganye kawai za ka kwasa, ga kuma cututtukan da ke bin sa. A ɗaya gefen, a farkon shekarun 1980 cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ta fito da wake mai nuna a cikin kwana 60. Abin mamaki ne a lokacin, kuma ya yi amfani a ƙasashe da dama. Amma tsayayye ne, ɗan tsurut, yana zuba 'ya'ya ya bushe, in ka tattara abin da ya rage a kadada guda ba zai kai akuya ko'ina ba. Manomin Arewa ya duba, ya yaba, ya koma ga Kanannadonsa. Aka yi ta cewa manomi ba ya son ci gaba, alhali lissafinsa ya fi na mai zarginsa cika, tunda shi da mutanen gida da na turke duka yake ciyarwa daga gona ɗaya.

Mutumin da nake cire wa hula a wannan labari shi ne Dakta B. B. Singh, Ba'indiyen da ya kama aiki da IITA a 1979, wanda shi ne ma ya jagoranci fito da waken kwana 60 ɗin. Da cibiyar ta buɗe tasharta a Kano a 1990, ya tare can, ya shiga gonakin mutane, ya ga yadda ake cusa wake a tsakanin gero da dawa, ya ga harawa a kan soraye da bishiyoyi, sai ya sauya tambayar da yake yi wa kowane sabon iri. Daga nan aka fara auna ƙwaya da harawa tare, da haɗin gwiwar cibiyar binciken dabbobi ta ILRI da kuma IAR ta Samaru, Zariya, wadda ita ke da alhakin wake a Najeriya, kuma ita ke raɗa wa irin da aka amince da shi sunan SAMPEA. Malami ya saurari ɗalibansa, kuma duniya ta amfana. A hukumance sai a 2009 aka saki 288 da sunan SAMPEA 11, tare da ɗan'uwansa ja, IT89KD-391, wato SAMPEA 12. Shekara 20 tsakanin shekarar da lambar 89 ta jikinsa ke nunawa da takardar sallamarsa! Wannan jinkiri yana cikin abubuwan da ke ci mini tuwo a ƙwarya, amma dai manoma ba su jira takarda ba.

Yanzu ga wurin da na fi so, sirrin da ke sa ni murmushi ni kaɗai. 288 yana lissafin tsawon yini. Muddin yini yana da tsawo, kamar yadda yake a tsakiyar damina, ba ruwansa da fure, ganye da yaɗo kawai yake tarawa. Sai yini ya gajarta wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba sannan ya buɗe fure gaba ɗaya. Shi ya sa yake dacewa da tsarinmu na gado: ka cusa shi cikin gero a watan Agusta, ya lallaɓa a inuwa ba ya gasa da kowa, ranar da aka yi girbin gero aka kwantar da kara rana ta sauko masa, sai ya miƙe ya mamaye gonar cikin 'yan makonni, ya rufe ƙasa ruf har ciyawa ta rasa wurin leƙowa, ya ƙarasa nuna da sauran laimar ƙasa da raɓar farkon kaka, lokacin da ruwan sama ya daina sauka balle ya baƙanta harawa. Ga saiwarsa kuma da 'yan ƙulle-ƙullen nan masu jan ciki idan ka fasa su, inda ƙwayoyin bakteriya ke kamo naitirojin daga iska, su bar wa geron baɗi ɗan guzuri. Masu son tsari na zamani kuma suna bin wanda Dakta Singh da abokan aikinsa suka yaɗa, layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake, don rana ta wadaci kowa, feshi kuma ya zo da sauƙi.

Wannan ɗabi'a tasa ta kirga yini ita ce kuma ta mai da shi ɗan rani. Shuka shi a ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu, bayan sanyin hunturu ya sassauta, lokacin yini yana da gajarta, sai ka ga waken da a damina yake jan ƙafa ya yi fure da wuri, ka girbe a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu. A yankin Bunkure ta jihar Kano aka fara ganin wannan abu a shekarun 1990, inda irin ya bazu a tsakanin masu noman rani daga hannun manomi zuwa hannun manomi, ba tare da wani gangami ba, har masu bincike suka bi sawu suka rubuta labarin. Ku duba lokacin girbin nan da kyau, jama'a: Afrilu da Mayu, daidai sa'ad da waken kaka ya yi tsada a kasuwa, harawa kuma ta zama gwal. A 'yan shekarun nan ma Babbar Sallah tana faɗowa ne tsakanin Mayu da Yuni, wato sabuwar harawa tana iso wa rago a makonnin ƙarshe na turka. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Kuma wa ya fi mu wurin yin wannan? Ga madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978, tafki mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, da aka tsara zai shayar da hekta 23,000 a tsakanin Maradun da Mafara da Bakura. Dattawanmu ba su manta da abin da aikin ya ci ba, gonakin da ruwa ya shanye da rayukan manoman da suka salwanta a rikicin diyya na Afrilun 1980, Allah ya jiƙansu. Ba su manta da yadda na'urorin yayyafin ruwa suka mutu aka koma dogaro da kanal ba, har shirin TRIMING na Bankin Duniya ya zo ya taɓa gyara. Ruwan da aka biya da irin wannan tsada bai kamata a ce shinkafa kaɗai ta san daɗinsa ba. Ina son shinkafa, kada 'yan shinkafa su tsine mini, amma wake ba ya shan ko kusa da abin da take sha, ba ya neman buhunan yuriya, kuma yana hutar da ƙasar da aka gajiyar da shinkafa bayan shinkafa. IAR tana da tashar bincike a nan Talata Mafara. Ina ma a ce kowace shekara akwai fili guda a bakin hanya da aka jera irin waken rani a ciki, kowa ya zo ya gani da idonsa.

A kicin kuwa, sai dai in bar wa mata su yi bayani, ni nawa ci ne. Amma na lura da abu ɗaya. Saboda fatarsa mai kaushi ce, jiƙa kaɗan take so, ana murzawa tana saluɓewa ta taso saman ruwa, ba a ɓata safiya wajen surfe. Ƙullun ya fito fari tas, a buga shi da muciya har ya kumbura ya yi sauƙi, a ɗiga a mai ya taso nan take ya yi jajir a waje, ciki kuwa laushi kamar me. Alale haka, ɗanwake haka, garau-garau kuwa ƙwayar tana fitowa ɗai-ɗai da girmanta a cikin shinkafa, ka gan ta ka san ka ci wake. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake furotin ne, shi ya sa gidan da nama ke wuyar shiga yake tsayuwa a kansa. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye, amma duk da haka ba ya isar mu.

To, masoyi na gaskiya yana faɗin aibin masoyinsa. 288 ba gwarzon wuta-wuta ba ne. Wadda ke kama wake daban take da ta dawa, gajera ce mai kaurin jiki, tana manne wa saiwa tun a ƙarƙashin ƙasa ta tsotse shuka kafin ma ka ga kanta, irinta kuma ƙanana ne kamar ƙura, suna kwana a ƙasa shekara da shekaru. Idan gonarka jigawa ce da ta gaji, kuma ka san tana da wannan annoba, kada son 288 ya rufe maka ido. Nemi SAMPEA 10, ko SAMPEA 14 da 15 da aka saki a 2011. Kuma labarin inda waɗannan suka samo garkuwarsu shi ne ya mai da ni mahaukacin son tsofaffin iri baki ɗaya.

Can a Botsuwana, kudancin Afirka, aka samo wani waken gargajiya da aka yi wa lamba B301. Ba kyakkyawa ba ne, ƙwayarsa ƙanana, babu mai ƙosan da za ta kalle shi sau biyu. Amma idan wuta-wuta ta kama saiwarsa, sai naman wurin ya mutu ya bar ta ba abin tsotsa. Aka yi ta barbararsa da irin da muke so, ana tacewa, ana komawa, har aka fito da IT97K-499-35, wanda aka saki a Najeriya a 2008 da sunan SAMPEA 10. A 2009 Michael Timko da Jianxiong Li na Jami'ar Bajiniya a Amurka suka gano ainihin ƙwayar gadon da ke wannan aiki a jikin B301, suka buga a mujallar Science. Bayan shekara 10, a 2019, da masana a Jami'ar Kalifoniya ta Riverside suka tashi karanta jinom ɗin wake gaba ɗaya, kromosom 11, wane iri suka ɗauka ya zama ma'aunin duk waken duniya? SAMPEA 10 ɗin nan dai da ake aunawa da tiya a kasuwanninmu. Shi ma 288 ba a bar shi a baya ba: yana cikin iyaye takwas da masanan Riverside suka cakuɗa jininsu wuri guda suka samar da zuriyar bincike da suke kira MAGIC, wadda masu inganta wake a ƙasashe da dama ke tsintar halaye daga cikinta. Ku ce mini ba abin alfahari ba ne!

Da tsohuwar zuma ake magani, kuma akwai wadda ta fi B301 tsufa. Kun san waken gizo, ɗan siririn yaɗon nan da ke hawa shinge da bakin fadama, mai 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu duhu da taurin fata, wanda kwansonsa ke fashewa da kansa ya murɗe ya watsar da 'ya'yan da zarar ya bushe. Muna cire shi da fartanya ba tare da tunani ba. Dangin wakenmu ne na jini, daga irinsa aka horo wanda muke ci, kuma har yau suna iya barbarar juna. Dubban shekaru yana zaune a daji, ba mai yi masa feshi, ba mai yi masa noma, fari ya zo ya wuce, ƙwari su zo su wuce, wanda ya kasa ya mutu, wanda ya jure ya bar zuriya. Duk abin da kakanninmu suka zubar a hanya lokacin da suke zaɓen babbar ƙwaya da kwanson da ba ya fashewa, yana nan a jikinsa. A rumbun adana iri na IITA a Ibadan akwai nau'in wake sama da 15,000 a ɗakunan sanyi, mafi girma a duniya, ga kuma tarin danginsa na daji. Da masana suka bi su suna gwadawa, sai suka tarar da wani na daji mai lamba TVNu 1158 da darɓa ba ta iya kashe shi yana ƙarami, alhali tana gama wa na gida aiki. Duk wanda ya yi waken rani ya san darɓa, ya san yadda take baƙanta kan shuka ta nannaɗe ganye cikin 'yan kwanaki. Ni da na ji wannan labari, wallahi sai da na ji kamar in je in ba wa shingen gonarmu haƙuri.

Daji ma yana da iyakarsa. Tsutsar Maruca mai cin fure da huda kwanso, wadda kan lashe har kashi 80 cikin 100 na amfani a mummunar shekara, an bincika dubban iri ba a samu mai tsaya mata sosai a cikin waɗanda ke barbaruwa da wake ba. Akwai wani dangi na nesa, Vigna vexillata, mai gashi a jiki, da ƙwari ke shakka, amma an yi juyin duniya ya ƙi haɗuwa da na gida. Wannan ne ya kai masana ga ɗauko ƙwayar gado daga bakteriyar ƙasa, aikin da Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranta a Samaru, aka saki SAMPEA 20-T a Disambar 2019, wanda ke rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu. Ana ta muhawara a kansa, kuma ba yau zan shiga ba. Abin da na lura da shi kawai, a kan SAMPEA 10 aka ɗora shi, wato jinin B301 na Botsuwana yana ciki.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ke wannan hauka ta son ƙwaya da kara tare. Muna da abokai a Gabas ta Tsakiya, su nasu sha'ir ne, hatsin nan da yawancinmu muka fara jin sunansa a makarantar allo, a babin zakkar fid-da-kai. A busassun yankunan Siriya da Jodan manomi yana shuka sha'ir ne saboda tumakinsa: su ci ƙwaya, su ci kara, su yi kiwo a kututturen bayan girbi, kuma a shekarar fari karan yana iya kamo ƙwayar a daraja. Irin da ya ba da hatsi mai yawa amma tumaki suka ƙi karansa, ba ya kwana biyu a hannunsu. Kun ji fa, kamar a Bakura ake maganar. Su ma suna da nasu waken gizon, sha'ir ɗin daji da masana ke kira Hordeum spontaneum, wanda daga gare shi aka horo na gida kimanin shekara 10,000 da suka wuce, kuma har yau yana fitowa da kansa a gefen gonaki da duwatsu daga Falasɗinu zuwa Turkiyya da Iran, zangarniyarsa tana karyewa gaɓa-gaɓa ta zube idan ta nuna. A cibiyar ICARDA, wadda aka kafa a 1977, kuma a lokacin take da babbar gonarta a Tel Hadya kusa da Halab, Salvatore Ceccarelli da Stefania Grando da abokan aikinsu sun haɗa wani sha'ir na gida mai suna Arta, wanda aka zaɓo daga irin gargajiyar Siriya, da wani na daji mai lamba 41-1. Matsalar da suke son magancewa mai sauƙin fahimta ce: idan fari ya yi tsanani sha'ir na gida yakan tsugune ƙasa, gajere har injin girbi ba ya iya kama shi, kara kuma babu. Na daji yana riƙe tsayinsa ko a cikin ƙishi. Aikin yana da wahala, don tare da tsayin sai karyewar zangarniya da ƙaiƙayi mai kaushi su biyo, sai an yi shekaru ana tankaɗe kafin a raba alheri da sharri. Haka masu wake ke fama da ƙaramar ƙwaya da fashewar kwanso idan suka taɓa na daji.

Sai dai akwai wani ɓangare na labarin ICARDA da ke hana ni barci. Da yaƙin Siriya ya ci Halab, ma'aikatan suka bar Tel Hadya. Abin da ya cece su, sun riga sun aika kwafin yawancin irinsu zuwa rumbun duniya na Svalbard, wanda aka haƙa cikin dutse mai ƙanƙara a arewacin Norwe aka buɗe a 2008. A 2015 suka zama na farko da suka je suka karɓo ajiyarsu, suka sake shukawa a Labanon da Maroko. IITA ma tana cikin waɗanda suka fara kai ajiya can tun a 2008, da wakenmu a ciki. To mu fa? Kowa a nan ya san ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa a Maradun da Bakura da Mafara, ya san rumbunan da aka ƙona da gonakin da aka shekara ba a taka ba. Idan tsohuwa ta gudo gari da zanen jikinta, ɗan ƙullin irin waken da ta gada daga uwarta, wanda ya saba da wannan jigawa da wannan ruwan sama, wanda wataƙila babu shi a firizar Ibadan, ya tafi ke nan. Ana lissafin shanun da aka kora da buhunan da aka kwashe, wannan asara kuwa ba ta shiga rahoton kowa. Ina roƙon ɗalibanmu masu karatun aikin gona, idan ana neman aikin bincike na kammala karatu, ga shi nan a sansanonin 'yan gudun hijira da gidajen dangi: a tambayi dattawa wane iri suka tsira da shi, a karɓi ko cikin tafin hannu ne, a rubuta sunansa da garinsa, a miƙa inda za a adana.

Sauran ƙorafina ƙanana ne amma suna da ciwo. Samun 288 na gaskiya aiki ne. Na taɓa sayen wani a leda mai hoto da tambari, mai shagon yana rantsuwa, da ya fito sai ga gona kala uku, wani tsaye, wani kwance, wani ma ja ne. Tunda wake da kansa yake barbarar kansa, wanda ya dace da na ƙwarai ya riƙe abinsa: ya zaɓi kwanso daga shuke-shuken da suka fi kyau, ya shanya sosai, ya zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda masanan Jami'ar Purdue suka ƙirƙiro aka kuma gwada shi sosai a cibiyar INRAN ta Maraɗi, ya ɗaure kowace leda daban, ƙwaro ya rasa iska ya mutu ba tare da ko ƙwayar magani ba. Iri zai kai shekaru yana hannunka bai canza ba. Kuma don Allah, masu feshi, harawar nan baki za ta shiga. A daina yi mata wanka da magani ana saura kwana kaɗan a yanke.

Buƙatata ga Samaru da tashar Kano guda ɗaya ce, kuma na san ba aikin damina ɗaya ba ne. Ku bar mini 288 yadda yake, da farar ƙwayarsa mai kaushi, da yaɗonsa, da ganyensa mai manne wa kara, da wayonsa na kirga yini. Ku ɗora masa garkuwar B301 saboda jigawar Bakura, ku ƙara masa taurin kan TVNu 1158 saboda darɓar rani a Bakolori. Kuma wannan karon kada takardar sallama ta kai shekara 20.